Taya, Iska da Zafi: Abin da ke Riƙe da Babur Mai Gudu a Kan Titi

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin manyan titunan Abuja ko Kaduna ko Kano ba zai rasa cin karo da irin manyan baburan nan masu ƙugi ba, waɗanda matasa ke kira fawa-bayik, mahayinsu ya kwanta bisa tanki tamkar mai sukuwa a kan doki. Galibinsu ƙirar Japan ne, daga kamfanonin Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki, wasu kuwa daga Italiya ko Jamus suke fitowa, kamar Ducati da BMW. An ƙera su ne bisa siffar baburan tsere, sai dai an sa musu fitila da madubi da wurin lamba domin su hau titi kamar kowane abin hawa. Manyan cikinsu, masu inji na cc 1000, nauyinsu yana wajen kilo 200, ƙarfin injinsu ya kai na dawaki 200, kuma suna iya doshin gudun kilomita 300 a awa guda.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a a jikin irin wannan babur shi ne inji da fenti da ƙara. Amma dukkan ƙarfin injin nan, da kamun birki, da karya kwana, ta wurare biyu kacal suke isa ƙasa, wato inda tayar gaba da ta baya suka taɓa kwalta, kuma kowane ɗaya daga cikinsu bai wuce faɗin tafin hannun mutum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane kimanin miliyan 1.19 suka rasa rayukansu a haɗarin hanya, kuma mahaya babur na da kaso mai tsoka a ciki. Mai mota in tayarsa ɗaya ta zame, yana da sauran uku. Mai babur kuwa in ta gaba ta zame, sai ƙasa. Wannan maƙala za ta duba abin da ke faruwa a waɗannan wurare biyu, da yadda yawan iska da zafi da irin robar da aka zaɓa suke sarrafa su.

Daga Itace Zuwa Titi

Asalin taya daga tsiro ne. Itaciyar roba, wadda masana ilimin tsirrai ke kira Hevea brasiliensis, 'yar dazuzzukan kogin Amazon ce a Kudancin Amurka. Idan aka tsaga ɓawonta takan zubo da wani farin ruwa mai kama da madara, wanda amfaninsa ga itaciyar shi ne toshe rauni da korar ƙwari. A cikin wannan ruwa akwai ƙwayoyin sinadari masu tsawon gaske, sun cukurkuɗe da juna kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. In aka ja su sai su miƙe, in aka saki su koma su nannaɗe, wannan ne sirrin talewar roba. A shekarar 1876 wani Bature mai suna Henry Wickham ya kwashi irin itaciyar kimanin 70,000 daga Barazil zuwa lambun Kew da ke Ingila, daga can ne aka yaɗa ta zuwa kudu maso gabashin Asiya, inda har yau aka fi noman ta. A Nijeriya ma ana noman ta a jihohin Edo da Delta da maƙwabtansu.

Ɗanyar roba tana da babban aibi: takan yi danƙo da zafi, ta ƙage da sanyi. Wani Ba'amurke, Charles Goodyear, shi ya gano a 1839 cewa in aka dafa ta tare da farar wuta, farar wutar takan ɗaure zaruruwan nan da juna nan da can, sai robar ta yi ƙwari ba tare da ta rasa talewarta ba. Tayar da ake hura wa iska kuwa, Robert Thomson na Sikotilan ya fara yi mata rajista a 1845, amma ba ta karɓu ba sai a 1888, lokacin da wani likitan dabbobi a birnin Belfas, John Boyd Dunlop, ya sake ƙirƙiro ta domin keken ɗansa.

Tayar babur ta yau haɗin gambiza ce. Akwai robar itace, da robar da ake samarwa daga man fetur, da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya wanda ke ba ta ƙwari da baƙin launi, da sinadarin silika, wanda shi ne jigon yashi, mai taimakawa wajen kama jiƙaƙƙen titi. A ƙarƙashin robar akwai saƙar zaruruwa da wayoyin ƙarfe, su ne ƙashin taya. A tsohuwar ƙira zaruruwan kan gitta juna ne a karkace. A ƙirar radiyal, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, kuma ta iso ga babura a shekarun 1980, zaruruwan kan tsallaka ne kai tsaye daga gefe zuwa gefe, sannan a ɗaura musu ɗamara ta kewaye. Wannan ƙira ba ta ɗaukar zafi da yawa, kuma ba ta kumbura in gudu ya yi gudu, shi ya sa kusan dukkan manyan babura masu gudu ita suke amfani da ita.

Iska ce ke Ɗaukar Kaya

Taya da babu iska a cikinta ba ta iya ɗaukar ko da nauyin babur shi kaɗai. Iskar da aka matse a ciki ita ke ɗame jikin taya har ya iya tallafar kaya, kamar dai yadda ruwan da ke cikin ƙwayoyin ganye ke riƙe da ganyen a miƙe, in ruwan ya ragu ganyen ya yi yaushi. Ana auna matsin iska da ma'auni iri biyu: bar, da kuma psi, wanda shi ne lissafin da masu faci suka fi sabawa da shi. Bar ɗaya daidai yake da psi 14.5, kuma yana nufin nauyin kusan kilo ɗaya a kan kowace murabba'in santimita.

Da wannan ana iya yin ɗan lissafi. A ɗauka babur yana da kilo 200, mahayinsa da kayan jikinsa kilo 75, jimla 275. In tayar gaba ta ɗauki kusan rabi, wato kilo 135, kuma iskar cikinta bar 2.5 ce, to sai ta lotsa har faɗin wurin da ya taɓa ƙasa ya kai murabba'in santimita 50 da 'yan kai. Wannan kintace ne kawai, domin ƙwarin jikin taya ma yana da nasa tasiri, amma ya isa ya nuna ƙa'idar: in aka rage iska wurin taɓa ƙasa ya faɗaɗa, in aka ƙara ya tsuke.

Halittu sun riga ɗan'adam sanin wannan ƙa'ida. Raƙumi yana da faffaɗan tafi mai laushi wanda ke bajewa in ya taka, shi ya sa ba ya nutsewa a rairayi. Doki kuwa ƙofatonsa ƙarami ne mai tauri, ya dace da gudu a kan ƙasa mai ƙarfi. Ɗan acaɓan da ke ɗan sace iskar tayarsa kafin ya shiga hanyar ƙauye mai yashi, dabarar raƙumi yake yi, kuma tana yi masa aiki domin a hankali yake tafiya. Sai dai wanda ya ɗauki wannan dabara ya kai ta kan kwalta, a bisa babur mai gudun kilomita 150, ya jawo wa kansa wata fitina, wadda sunanta zafi.

Yadda Roba ke Kama Ƙasa

Roba na kama titi ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce mannewa: a inda roba da dutse suka haɗu sosai, ƙwayoyin sinadaransu kan ɗan riƙe juna na ɗan lokaci kafin su rabu. Wannan hanya tana aiki ne a busasshen titi, ruwa ko mai ko ƙura kan raunana ta. Ta biyu ita ce lotsawa: fuskar kwalta cike take da ƙananan tsakuwa, roba kan nutsa cikin ramukansu, kuma da yake ba ta komawa siffarta nan take, wannan jinkirin kan zame mata abin dogarawa. Ƙarfin da ake ɓatarwa wajen lotsawa da komawa ba ya ɓacewa, zafi yake zama. Saboda haka duk tayar da ke tafiya tana ɗumama kanta da kanta.

A nan ne taya ta yi kama da ƙadangare. Ƙadangare ba ya iya ɗumama jikinsa daga ciki kamar akuya ko tsuntsu. Da sanyin safiya sai a gan shi ya yi lamo a kan katanga yana shan hantsi, ko an kore shi da ƙyar yake motsi. In jikinsa ya yi ɗumi sai ya zama kamar walƙiya, in kuma rana ta take sai ya nemi inuwa, domin zafin da ya wuce kima halaka shi zai yi. Kowane irin ƙadangare yana da iyakar zafin da jikinsa ya fi aiki a ciki, na hamada daban, na kurmi daban. Haka robar taya take. In ta yi sanyi takan ƙage, ba ta nutsa cikin tsakuwar titi, sai ta riƙa zamewa. In ta yi ɗumi daidai takan yi laushi ta kama. In zafi ya yi mata yawa sai ta fara narkewa a fuska, ta yi santsi kamar an shafa mata mai, a ƙarshe ma robar na iya rabuwa da zaruruwan da ke ƙarƙashinta. Kowane haɗin roba da nasa iyakar zafin, kuma babban abin da ke sarrafa zafin nan shi ne yawan iskar da ke ciki, domin ita ke ƙayyade yawan lanƙwasar da taya ke yi a kowane juyi.

Dalilin da Ya Sa Take Kewayayya

Tayar mota fuskarta a baje take, ta babur kuwa a kewaye take kamar bayan ƙwarya. Dalili shi ne babur ba ya karya kwana sai ya kishingiɗa. In ya kishingiɗa, wurin taɓa ƙasa kan tashi daga tsakiyar taya ya koma kafaɗarta. Da yake kewayen tsakiya ya fi na kafaɗa girma, sai tayar ta zama kamar kofin shayi mai faɗin baki da tsukakken gindi, wanda in aka kwantar da shi aka gangara ba ya tafiya a miƙe, sai dai ya yi ta zagaye. Wannan ne ke taimaka wa babur juyawa. Lissafi ya nuna cewa in babur ya kishingiɗa digiri 45, ƙarfin da ke neman fizgar sa zuwa wajen kwana ya yi daidai da nauyinsa baki ɗaya, kuma roba ce kaɗai ke hana shi tafiya. A gasar MotoGP, wadda ita ce ƙololuwar tseren babura a duniya, mahaya kan wuce digiri 60.

Ke nan siffar taya wani ɓangare ne na sitiyarin babur. Iska ce ke riƙe da wannan siffa, kuma duk abin da ya ɓata ta, ko ƙarancin iska ko suɗewar tsakiya, zai canja yadda babur ke shiga kwana.

Iska Nawa Ya Kamata a Sa?

Amsar tana rubuce a wuri biyu: cikin littafin jagorar babur, da kuma jikin wata 'yar takarda da akan manna a ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya ko a murfin cen. Ga manyan baburan Japan da dama, irin su Honda CBR600RR da Yamaha YZF-R1, adadin shi ne bar 2.5 a gaba da bar 2.9 a baya, wato psi 36 da psi 42. Wasu babura, musamman ƙanana da wasu na Turai, nasu bai kai haka ba, don haka ba a ɗaukar adadin wani babur a ɗora wa wani. Akwai kuma wani adadi da akan rubuta a gefen taya kanta. Wannan yana nuna matsin da taya ke buƙata in an ɗora mata iyakar kayan da za ta iya ɗauka, ba shi ne shawarar mai ƙera babur ba, ko da wani lokaci sukan zo daidai.

Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne a auna iska lokacin da taya take da sanyi, wato kafin a hau, ko bayan babur ya huta na awa biyu zuwa uku a inuwa. Dalilin haka wata doka ce ta kimiyya da ake dangantawa da masanin nan na Faransa, Gay-Lussac, wadda ta ce iskar da aka kulle a cikin mazubi matsinta na ƙaruwa daidai da ƙaruwar zafinta. Tayar da aka sa wa bar 2.5 a zafin digiri 20, in ta yi tafiya iskar cikinta ta kai digiri 60, geji zai nuna kusan bar 3.0. Masu ƙira sun san da wannan ƙari, sun kuma sa shi cikin lissafinsu. Kuskuren da akan yi shi ne mahayi ya tsaya wurin mai faci a tsakiyar tafiya, a ga geji ya haura, a ce iska ta yi yawa, a sace ta. Washegari da safe, in tayar ta huce, sai a tarar da ita ƙasa da abin da ake buƙata da kusan rabin bar.

Yanayin gari ma yana shiga wannan lissafi. A taƙaice, duk sauyin digiri 10 kan kawo sauyin bar 0.1 da ɗan ɗoriya. A Kano, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a watan Afrilu, sanyin asubar hunturu kuma ya sauko wajen digiri 14, bambancin kan kai bar 0.3, wato psi 4, ba tare da ko ƙusa ta taɓa tayar ba. Bugu da ƙari, iska na sulalewa sannu a hankali ta jikin robar kanta, duk da shimfiɗar roba ta musamman da ake yi wa cikin taya domin tare ta. Iskar naitirojin da ake sayarwa a wasu gidajen taya ba ta kuɓuta daga wannan doka ba, kuma dama kashi 78 cikin 100 na iskar da kowa ke shaƙa naitirojin ce. Babban amfaninta shi ne ba ta da laima.

In iska ta yi kaɗan, alamar farko ita ce kan babur ya yi nauyi, ya riƙa ƙin shiga kwana, yana neman miƙewa in an taɓa birki. Jikin taya kan yi ta lanƙwasa fiye da kima, zafi ya taru, roba ta ci da wuri, mai ma ya ƙara tafiya. Tsagogin fuskar taya, waɗanda aikinsu shi ne fitar da ruwa, kan matse su rufe. In aka faɗa rami, babu isasshiyar iskar da za ta tare, sai wili ya daki bakin ramin ya lanƙwashe ko ya yanke zaruruwan ciki. Mafi muni shi ne doguwar tafiya da gudu a rana tsaka, da fasinja a baya, inda zafin kan iya kai taya ga fashewa. In kuma iska ta yi yawa, wurin taɓa ƙasa kan tsuke, taya ta ƙi yin ɗumi da wuri, ta riƙa tsalle a kan gargada maimakon ta shanye ta, birki ya rage kamu, tsakiya ta riga gefe suɗewa. Duka biyun illa ne, sai dai a titin da ke da zafi da ramuka, ƙarancin iska ya fi yawanta haɗari.

Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Mahaya da yawa kan ji cewa 'yan tsere na sa iska kaɗan, sai su kwaikwaya da zaton samun ƙarin kamu. Gaskiya ne a filin tsere akan rage iska, har ta kai masu shirya gasar MotoGP sun fara hukunta wanda ya rage fiye da kima tun daga 2023, kuma a 2024 mafi ƙarancin abin da aka yarda a tayar gaba shi ne bar 1.8. Amma yanayin da aka yi wannan lissafi dominsa daban ne. Kafin a fita, akan lulluɓe tayar tsere da bargon lantarki har ta kai wajen digiri 80 ko fiye. Ɗan tsere ba ya tsayawa a danja, ko dai yana kan wuta ko yana kan birki, don haka zafin ba ya sauka. Filin sumul yake, babu rami, babu fasinja, babu tirela da ta zubar da gas. Tseren kansa bai fi kilomita 100 zuwa 130 ba, in an gama a cire tayar a ajiye. Ita kanta tayar an yi mata ƙashi na daban wanda zai jure wannan ƙarancin iska.

Mahayin titi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yakan fito da safe da taya mai sanyi, ya tsaya a cunkoso, ya ɗan yi gudu, ya sake tsayawa. Abin da yake buƙata shi ne taya mai kamu tun daga kwanar farko, mai jure rami da kaya da doguwar tafiya, kuma adadin da mai ƙira ya rubuta shi aka gwada domin wannan.

Zaɓen Taya

Ana iya kasa tayoyin irin wannan babur gida uku. Kashi na farko su ne na filin tsere waɗanda doka ta yarda a hau titi da su, kamar Pirelli Diablo Supercorsa. Tsagoginsu kaɗan ne, kafaɗunsu kusan sumul, robarsu kuma sai ta yi zafi sosai take kamu. Su ne ƙadangaren hamada. A titi da wuya su kai zafin da suke so, ba su da kirki a ruwa, suna saurin ƙarewa, kuma yawan ɗumama da hucewa kan sa robarsu ta ƙage tun zanen bai ƙare ba. Kashi na biyu su ne na gudu a titi, kamar jerin Michelin Power da Bridgestone Battlax S22 da Pirelli Diablo Rosso, masu saurin ɗumi da kamu mai ƙarfi a busasshen titi. Kashi na uku su ne na gudu da doguwar tafiya, kamar jerin Michelin Road da Metzeler Roadtec da Pirelli Angel GT. Suna da silika mai yawa da tsagogi masu yawa, suna kamu da sanyi da ruwa, kuma sun fi sauran daɗewa nesa ba kusa ba.

Ga wanda hawansa na titi ne zalla, kashi na biyu ko na uku ne nasa, kuma ga mafi yawan mahaya na ukun ya wadatar, domin kamun da yake bayarwa ya wuce abin da mai hankali zai nema a hanyar da ake haɗa ta da motoci da dabbobi da masu tafiya a ƙasa. Yawancin tayoyin zamani ma roba iri biyu ake haɗa musu a fuska ɗaya, mai tauri a tsakiya domin jure miƙaƙƙiyar hanya, mai laushi a kafaɗu domin kwana.

Wajibi ne mai saye ya iya karanta rubutun gefen taya. Alal misali, a tayar baya mai ɗauke da 180/55 ZR17 73W, lamba 180 faɗinta ne a milimita, 55 na nufin tsayin gefenta kashi 55 cikin 100 na faɗin ne, wato milimita 99, harafin R na nufin radiyal, 17 kuma faɗin wili ne a inci. Lamba 73 na nuna tana ɗaukar kilo 365, harafin W kuma gudun kilomita 270 a awa. Harafin H na tsayawa a 210, V a 240. Tayar gaba a galibin waɗannan babura 120/70 ZR17 ce. Akwai kuma kibiya mai nuna inda taya za ta fuskanta wajen juyawa, wadda ya kamata a tabbatar mai ɗaurawa ya bi ta.

Kada a sa taya da ta fi wadda aka ƙayyade faɗi don neman kyan gani. Taya mai 180 an yi ta ne domin wili mai faɗin inci 5.5, in aka cusa mai 190 ko 200 a kansa sai ta tsuke, siffarta ta ɓaci, babur ya yi nauyin juyawa. Haka nan ya fi kyau ta gaba da ta baya su kasance samfuri ɗaya daga kamfani ɗaya, domin tare aka tsara siffarsu, kuma ba a haɗa radiyal da tsohuwar ƙira sai in mai ƙera babur ne ya ce a yi.

Sai batun shekaru. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, domin iska da hasken rana da zafi kan ci gaba da ɗaure zaruruwanta har ta bushe ta tsattsage. A gefen kowace taya akwai jerin lambobi da ke farawa da DOT, kuma tun shekarar 2000 lambobi huɗu na ƙarshe su ke nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Shawarar Michelin ita ce a riƙa kai taya ga masani yana dubawa duk shekara in ta kai shekara 5, kuma kada ta wuce shekara 10 ko yaya zanenta yake. A ƙasa mai zafi tsufan ya fi sauri. Wannan ya shafi Nijeriya ƙwarai, domin tun da masana'antun Michelin da Dunlop suka daina ƙera taya a ƙasar a 2007 da 2008, daga waje ake shigo da su, kuma kasuwa cike take da na gwanjo. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan irin waɗannan tayoyi. Ga babur mai gudu akwai ƙarin tarko: tayar da aka cire daga filin tsere takan zo da tsakiya sabuwa fil, alhali kafaɗunta sun ƙone sun ƙage. Araha ba ta ado, balle a abin da rai ya rataya a kansa.

Kulawar Yau da Kullum

Ya kamata kowane mahayi ya mallaki gejinsa na kansa mai kyau, domin gejin bakin titi ya sha faɗuwa da ƙura, kuma ido ko matsawa da yatsa ba sa gane ƙarancin iska a tayar radiyal. A auna aƙalla sau ɗaya a mako, da kuma kafin kowace doguwar tafiya. A mayar da murfin bawul a ɗaure, domin a matsanancin gudu juyawar wili na iya danna ƙwayar bawul ta buɗe, murfin ne kariya ta biyu. A duba fuskar taya ko akwai ƙusa ko tsaga ko kumburi.

A cikin tsagogin taya akwai wasu 'yan tudu da aka sa domin nuna iyakar ci, in fuskar taya ta zo daidai da su to ta ƙare. Dokar Ingila ta ce zurfin zane kada ya gaza milimita 1 a manyan babura, ta Jamus ta ce 1.6, amma kamu a ruwa kan ragu tun kafin a kai nan. Tayar da tsakiyarta ta baje saboda yawan miƙaƙƙiyar hanya, ko da sauran zane, takan sa babur ya yi turjiya sannan ya faɗa kwana farat ɗaya, ita ma canji take so. Sabuwar taya kuwa fuskarta na da santsi, masu ƙira kan ba da shawarar a bi ta a hankali na kimanin kilomita 160, ana ƙara kishingiɗa kaɗan-kaɗan. Facin igiya da ake cusawa daga waje na isa gida ne kawai, huji a gefe ko kafaɗa ba ya faci, kuma tayar da aka yi wa faci ba a sake amincewa da ita a babban gudu.

Daga ƙarshe, a kula da lokuta biyu da kamu ya fi rauni: mintocin farko bayan fitowa, musamman da sanyin hunturu, da kuma ruwan farko na damina, lokacin da ƙura da man da suka taru a kwalta tsawon rani kan jiƙe su zama kamar sabulu.

Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa taya aba ce mai iyakar zafin da take aiki a cikinsa, iska ce ke tsare ta cikin wannan iyaka, kuma irin robar da aka zaɓa ita ke nuna ko hawan titi zai iya kai ta can. Injiniyoyin da suka ƙera babur sun gwada shi da kaya da zafi da gudu kafin su rubuta lambobi biyun nan a jikinsa. Abin da ya rage ga mahayi shi ne ya sayi tayar da ta dace da hanyar da yake bi a zahiri, ya duba shekarar ƙirarta, ya kuma durƙusa da geji na minti biyu kafin ya tayar da inji. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a kan babur mai gudun kilomita 200 sau da yawa ba a kai ga maganin.